Sallahun Baba Zuwa Ƙasar Habasha

Ko ƙasa ta rufe mini ido, ban ga ranar da zan manta da tafiyar da na yi Habasha ba. Lokacin ina malamin gona a Kiru, aka zaɓe mu mu shida zuwa kwas ɗin noman rani na mako biyu a Addis Ababa.

Mahaifina malamin allo ne a Ba'awa, bai taɓa wuce Zariya ba. Da na je yi masa sallama, sai ya ajiye littafin da ke hannunsa ya ce, "Habasha? Ƙasar da sahabbai suka fara yin hijira?" Ya ce ba ya son tsaraba, sallahu ɗaya zai ba ni: in je kabarin sarkin nan da ya karɓi sahabbai, in yi masa addu'a, in ce wani tsoho daga Ba'awa yana godiya. Na ce, "An gama, Baba," kamar aike ne zuwa kasuwar Dangora.

Ashe ƙasar faɗi gare ta! Duwatsu ne kan duwatsu, ga sanyi a babban birnin, ga wata wainarsu mai faɗin faifai da tsami wadda na kasa sabawa da ita. Da na tambaya, aka ce kabarin yana can arewa mai nisa. Kwana biyu kacal aka ba mu hutu, abokan tafiyata kuma suka ce birnin Harar za su, a gabas. Ni ma zuciyata can take, na bi su, ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Na ga tsohuwar ganuwa mai ƙofofi, lunguna kamar na cikin birnin Kano, masallatai birjik. Na sha gahawa, na ga mutumin da ke ba kuraye nama da tsinke a bakinsa. Na yi ta dariya ina ɗaukar hoto.

Da na dawo, na tarar Baba ya tara dattawan unguwa a zaure. Ya ce, "Ka isar?" Idanu duk suna kaina. Na ce, "Na isar, Baba." Wallahi har yau ina jin nauyin kalmar nan. Ya share hawaye, ya sa mini albarka, sannan ya tambaya, "Daga babban birnin, wane ɓangare kuka nufa?" Bakina ya riga tunanina, na ce gabas. Ya ce, "To, madalla."

Na yi ta cewa zan faɗa masa gaskiya bayan girbi. Ba a kai ga yankan dawa ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai mahaifiyata ta kira ni ɗaki. Ta ce, "Malam ya sani fa. Wani alhaji ya taɓa gaya masa wurin a arewa yake. Na ce bari in yi maka magana, ya ce in ƙyale ka, za ka zo da kanka. Kullum ka yi sallama sai ya gyara zama."

Na kasa ɗaga kaina. Ban je ba, wannan da sauƙi, da ya yafe a take. Abin da ke cina shi ne watanni huɗun da ya yi yana jirana. Tun daga ranar, in an ba ni sallahu ban isar ba, tun a bakin ƙofa nake faɗa, kafin in cire takalmi.