Rigar Da Aka Kai Marina

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma kada wanda ya gyara zama don dariya, wannan ba tatsuniya ba ce. Ni ban taɓa zama a aji ba. Bakina ke faɗa, jikata ke rubutawa, in kun ga karkata a ciki to daga harshena ne.

Zamanin Turawa ne. Muna zaune a wani ɗan ƙauye a bakin daji, wanda in mutum ya fita bayan sallar asuba zai shiga Birnin Gwari da hantsi. Babanmu ya rasu ya bar mu mu uku: Inna, da ni babbar 'yarta, da ƙanena, autanmu. Wata shekara aka aiko wa dagaci cewa ya ba da yara a kai makarantar boko. Masu iyaye maza suka ɓoye nasu, wani a rumbu, wani aka tura shi rugar Fulani wai ya tafi kiwo. Wanda ba shi da uban da zai tsaya masa shi aka kama. Ranar da dogari ya riƙo hannun auta suka bi hanya, Inna ta yi kuka irin na gidan mutuwa, mata suka yi ta shigowa suna yi mata jaje.

To, abin da aka kai shi da kuka sai ya zame masa abin so. Yana dawowa zai share ƙasa a gindin turmi ya yi ta zane da tsinke, yana cewa, "Yaya, zo ki ga sunanki." Ni kuwa tafiyar tsutsa kawai nake gani. Malamai suka ce kansa na ja. Aka gaya mana cewa in yaro ya kai ajin ƙarshe, Bature yakan zo ya gwada su, ya zaɓi waɗanda za a kai babbar makaranta a Zariya, daga can kuma mutum ya fito malamin asibiti ko akawu. Tun daga ranar Inna ta daina cewa an ƙwace mata ɗa. In rufin ɗakinmu ya yi yoyo sai ta gusar da tabarma ta ce, "Ku bari dai Baturena ya je Zariya."

Amma makarantar nan tana da doka a kan tufafi, doka mai tsanani. Farkon shekara En'e, wato hukumar sarki ta lokacin, ke ba kowane yaro farar riga guda, da gajeren wando, da hula. Guda ɗaya tal, sai wata shekara. Kullum da safe sai a jera su a fili a bi su ɗaya bayan ɗaya, a duba farce, a duba haƙori, a ɗaga wuyan riga a leƙa. Wanda aka ga ɗigon miya a ƙirjinsa, tsumagiya. Wanda maɓallinsa ya cire, tsumagiya. Ba a yarda a yi faci da wani ƙyalle ba, ba a yarda uwa ta ɗinka laya a ciki ba. Ku tuna kuma ƙasarmu ja ce, ruwan rafinmu da damina kamar kunun kanwa. A ce a riƙe farar riga fara a irin wannan wuri!

Ni ke wanke ta. Sai na ɗebo ruwa na bar shi ya kwanta a tulu kafin in tsoma ta. Ba mu da dutsen guga, sai in zuba garwashi a kwano in riƙe bakinsa da tsumma in bi ta da gindinsa. Shi kuwa auta ba ya sa ta a hanya. Da bante yake ratsa daji, rigar na naɗe cikin ganye a kansa, sai ya kai wata tsamiya a bakin gari ya wanke ƙafa ya sa. Matan Fulani masu kai nono sun saba da shi, in sun tarar da shi yana kokawa da maɓalli sai su ce, "Sannu Nasara, yau ma a daji aka kwana?"

Haka muka yi ta lallaɓawa har shekarar da za a yi zaɓen. Da damina ce. Wata safiya igiyar da yake ɗaure ƙunshin ta tsinke a hanya, sai ya saɓule ɗanyen ɓawon kalgo ya ɗaure, yadda kowane ɗan ƙauye zai yi da damin itace. Ruwa ya kama shi a tsakiyar daji. Kafin ya kai tsamiya ɓawon nan ya jiƙe ya zubar da jininsa a cikin rigar, jan layi ya ratsa ta daga kafaɗa har ƙugu, gaba da baya. Babban malaminsu ya tsayar da shi gaban yara aka yi masa bulala, ya ce kada ya sake ganin wannan tabo a makarantarsa. Ya dawo gida jikinsa na rawa, ga dukan ruwa ga na malam, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Na wanke da sabulun salo, na jiƙa da ruwan toka, na goga lemun tsami na shanya a rana. Tabon ya dushe kaɗan ya koma kalar ƙasa, ya zauna daram. Wanda ya san kalgo ya san ba ya sakin abin da ya kama.

A nan ne Inna ta yi tunaninta. Mu a wurinmu riga in ta yi tabo ba a yar da ita, marina ake kai ta, ta dawo sabuwa ta fi da daraja. Fari tufa ce da ba a gama ba. Mai hali shi ke sa rinanniya, wadda aka buga har tana ɗaukar ido. Inna ta daɗe tana cewa rowar En'e ce ta sa suke ba 'ya'yan mutane ɗanyen yadi. Malam ya ce kada ya sake ganin tabo, to ga hanyar da ba zai gani ba. Ni ma da ta faɗa mini, wallahi na ga dabara ce mai kyau. Ta ce kada a gaya wa auta, ya tashi daga ciwo ya ga abin farin ciki.

Ranar kasuwa muka shiga gari, ina rungume da zakaranmu, wanda shi kaɗai ya rage mana. Marinin wani dattijo ne, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya ɗaga rigar ya jujjuya.

"Gwaggo, wannan ba ta 'yan boko ba ce?"

"Ita ce. Ta ɗana ce, shi za a kai Zariya."

"A'aha! To ai ba a shiga Zazzau da rigar da ta yi kama da ta gawa. Ki bar mini ita. Zan yi mata tsomi irin na rawanin sarakai, ɗan hakimi ma sai ya waiwayo."

Ya duba zakara ya ce, "Wannan kuwa ya yi azumi ne?" Suka yi dariya, ya karɓa.

Da kasuwa ta zagayo muka karɓo ta. Ban taɓa ganin kyakkyawar tufa irin wannan a gidanmu ba. Baƙa wuluk mai sheƙi, in ka karkata ta a rana sai ta yi ja-ja kamar wuyan tattabara, ga ƙamshin baba. Inna ta ƙi bari in ɗauka, ita ta riƙo ta har gida. Muka tarar auta ya samu sauƙi, yana zaune a bakin ƙofa yana shan kunu. Ta shimfiɗa masa ita a cinya tana murmushi.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya taɓa aljihun, ya taɓa maɓallan, ya gane ta. Ludayin ya suɓuce daga hannunsa.

"Inna, ina farar?"

"Wane fari kuma? Ga ta nan an gama maka ita."

Bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da ya fi mana sauƙi. Ya ce a hankali, "Litinin mai zuwa Bature zai zo."

Washegari Inna ta bi shi makaranta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa a bakin baranda, ni ina bayanta. Babban malamin ya fito. Ba zan ce mugu ne ba, na ga tsoro a idonsa fiye da fushi. Ya ɗaga rigar da yatsu biyu.

"Inna, wa ya ba ki wannan shawara?"

"Allah ya gafarta malam, tabo ka ce ba ka so."

"Na ce a rina? Kayan hukuma ne fa. In Bature ya ga baƙi guda cikin farare, ba yaron zai tambaya ba, ni zai tambaya. Ni ma ina da iyali."

"To malam, a ara masa wata, ko ta yini guda."

"Daga jikin wa zan tuɓe? Kowa tasa ɗaya, kuma ranar kowa na ciki. Ku nemo fara. In ya zo da fara zai shiga layi."

Muka nema. Yadin kanti sai da kuɗi, ga shi ba a yi girbi ba, ga zakara ya tafi. Wani kawunmu da ke ƙauyen Gayam yana da farar rigar Juma'a, Inna ta taka har can. Ya ce shi ba zai sa almakashi a rigar da yake gaida Ubangiji da ita ba saboda karatun Nasara. Ni kuma na kai baƙar rigar rafi na yi ta dukanta a kan dutse, ruwa na tafiya shuɗi, har kafaɗarta ta yage. Ta koma kalar hadari, ba ta yi fari ba.

Sai Inna ta jawo tukunyar da take ajiya a ƙarƙashin gado. A ciki akwai farin saƙi, audugar da ta kaɗa da hannunta tun bayan rasuwar Baba ta kai wa masaƙi. Likkafaninta ne ta tanada, kamar yadda matan da suka san duniya ke yi. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Ke dai riƙe mini bakin. Wanda ya mutu ba ya rasa mai rufe shi." Wani tsoho mai ɗinkin hannu a ƙauyenmu ya aza tsohuwar rigar a kai ya yanka, ya ɗinka, har aljihu ya yi mata, aka ciro maɓallan aka mayar.

Ran Litinin na ɗauki farantin dafaffiyar gyaɗa na bi auta, wai talla. Na tsaya a jikin shingen makaranta. Aka jera su. Tasa fara ce, har ta fi na wasu haske, amma saƙi saƙi ne: ƙyalle-ƙyalle ne aka haɗa, layin ɗinki na bin ta daga sama har ƙasa, ga kauri, ta tsaya masa a jiki kamar buhu. Yara suka fara ƙunshe dariya, wani ya ce, "Ga angon ƙauye." Babban malam ya zo kansa ya tsaya. Ya murza bakin rigar a yatsunsa, ya waiwaya ya dubi hanya inda ake jiran mota. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya nuna bayan azuzuwa.

Auta ya fita daga layi. Aka ba shi fartanya aka ce ya yi noma a lambun makaranta har baƙo ya tafi.

Mota ta zo. Baturen wani dogo ne mai jan wuya. Ya ratsa layin nan da sauri yana magana da malam, ban ga ya dubi rigar kowa ba. Suka shiga aji. Na zagaya ta baya. Ƙanena na tsugune a gindin taga, fartanya a ƙasa, ana tambaya a ciki leɓunansa na motsi. Da ya gan ni ya ɗauki fartanyar ya juya mini baya.

A hanyar gida bai tuɓe rigar a gindin tsamiya ba, da ita ya ratsa daji, ƙaya na kama ta bai kula ba. Inna na tsaye a bakin gona tana jiranmu.

"Yaya aka yi, Baturena?"

"Sun ce ɗinkin ya yi kyau, Inna."

Ta dube shi, ta dube ni. Ba ta ƙara tambaya ba.

Malam ya ce ya jira baɗi. Baɗi ta zo, an ba shi sabuwar riga, amma a shekarar nan ya yi tsawo, murya ta buɗe. Kafin zuwan Bature aka ce manyan yara su ɗaga hannu, aka leƙa hammatarsu a ga ko gashi ya fito. Aka ce ya wuce shekarun shiga babbar makaranta, aka sallame shi.

Babban malamin nan ya daɗe, har bayan tafiyar Turawa, ya yi girma a hukuma, na ji an ce da mutunci ya rasu. Marinin bai taɓa sanin abin da ya faru ba, duk sanda ya ga Inna a kasuwa sai ya ce, "Gwaggo, ya mutanen Zazzau?" ita kuma ta ce suna lafiya. Ramukansa yanzu an cike su an yi shaguna. Inna ba ta ƙara kaɗa zare ba. Ta rasu wata damina, maƙwabta suka haɗa yadin da aka rufe ta.

Ƙanena ya shiga daji wurin masu tsaga katako, ya yi shekaru yana jan zarto, shi ke ƙasa cikin rami garin katako na zuba masa a ido. Ya yi aure ya haifi 'ya'ya, idon ya tafi tun bai tsufa ba. Zariya ya je ta sau ɗaya, a bayan motar katako, neman maganin idon, aka ce ya makara. Ya riga ni tafiya. Ƙauyen namu ma yanzu ba kowa, daji ya cinye shi, ko kabarinsu ba mai iya zuwa. Ni ce na rage, a ɗakin aro a cikin gari.