Kunnen Da Ya Rage Min

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayar ina mai situdiyon Gwaram ya shige tun damina, ga ni. Na yi shiru ne don ban san ko zan koma sana'ata ba.

Aikina ɗaukar murya ne: tallan shago, waƙar biki, karatun 'yan Islamiyya. Iyafis ɗina, ɗan abin sauraron nan da ake cusawa a kunne, ba ya barin kunnena. Kuma kun san halinmu, duk wanda aka ɗauki muryarsa sai ya miƙo hannu, “Ba ni in ji.” Ya zare daga kunnena ya cusa a nasa, ya dawo min da shi da ɗuminsa. Mai gumi, mai mura, wanda ya taso daga gona a Zandam, duka. Wa zan hana?

Da ƙaiƙayi ya fara a kunnen hagu. Na sosa da gashin kaza. Inna ta ɗiga min man shanu mai ɗumi, ta ce kwana biyu zai bari. Bai bari ba. Ruwa ya fara fita, mai wari, har matata Rabi ta riƙa sauya rigar filo kullum.

Ranar da jiri ya kayar da ni a bakin shago aka ɗora ni a mota zuwa asibiti a Birnin Kudu.

Aka kwantar da ni. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, a zuƙe mugunya da wani siririn tiyo da nake jin ƙararsa har cikin haƙorana. Likita ta leƙa ta ce dodon kunnen ya ɓule, ciwon ya shige ciki. Na ce to yaushe zai warware? Ta ce, “Malam Nura, mu fara ceto na daman tukuna, shi ma ya kama.”



Aka tura ni Kano gwajin ji. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki, suka ba ni wani ɗan maɓalli suka ce in danna idan na ji ƙara. Da aka zo hagu, ina kallon yatsan ma'aikacin yana motsi ta gilashi, ni ban ji komai ba. Na zauna da abin dannawa a hannu kamar wawa, hawaye na zuba.

Hagu ya tafi. Dama ya warke, alhamdu lillah.

Likita ta ce ba za ta rantse cewa iyafis ne kaɗai ya jawo ba, amma ta ja min kunne: “Ɗaya ya rage maka. Abin da ya shiga kunnen wani kada ya shiga naka. Kuma ka rage ƙara.”

Ma'aikacin gwajin ya nuna min hanya biyu. Ko a auna kunnena a ƙera min roba daidai raminsa in maƙala a bakin iyafis ɗina na da, ko a ƙera min sabo sukutum da siffar kunnena. Duka biyun suna toshe hayaniyar waje, ba sai na ƙure sauti ba. Robar tana da sauƙin kuɗi, ana cire ta a wanke, kuma na san muryar iyafis ɗina kamar yadda na san muryar Rabi. Sabon kuwa sai na sayar da babur, ga jira, ga shi ban san yadda zai yi sauti ba.

Ni dai na zaɓi roba a raina. Na faɗa wa Rabi a tasha.

Ta ce, “Robar ana cire ta ko?” Na ce e. Ta ce, “To Kawu Ado zai cire ta ya sa iyafis ɗin a kunnensa, kai kuma kana murmushi.” Kawu Ado ƙanin mahaifina ne, shi ya ba ni shagon, kullum yana nan yana sauraron karatu. Na ce zan hana shi. Ta yi wata dariya da ta ba ni haushi. “Kai? Tunda na aure ka ban taɓa jin ka ce wa babba a'a ba. Ka sayi wanda zai ce a'a a madadinka.”

Na yi fushi har muka kai Wudil a hanyar komawa gida. Amma gaskiya ta faɗa.

Babur ya tafi.

Ranar awo ita ce ta fi ba ni tsoro a duk jinyar. Aka tura ɗan soso cikin kunnen dama, aka matsa wani abu mai sanyi kamar kwaɓin fulawa har ya cika. Duniya ta ɗauke ɗif. Rabi na gabana, bakinta na motsi, babu komai. Na ce a raina to haka rayuwar za ta zama idan wannan ma ya tafi: ba kiran salla, ba kukan 'yata. Na damƙe kujera ina salati, ko muryata da ƙyar nake jin ta. Da aka zare abin, farkon abin da na ji shi ne Rabi tana cewa, “Sakar musu kujera mana.”

Yanzu na koma aiki, a hankali.

Ranar farko Kawu ya zo, ya miƙo hannu kamar kullum. Kamar yadda Rabi ta faɗa, na miƙa masa sabon iyafis ɗin. Ya juya shi, ya gwada ta nan, ya gwada ta can, ya ƙi shiga. Ya ce, “Wannan wane irin abu ne kamar karkatacciyar gyaɗa? Karɓi kayanka.” Na goge shi da sifirit, na kunna masa sifika.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan da suka kula da ni, da duk wanda ya zo dubiya ko ya yi addu'a.

Don Allah idan kunne ya fara ƙaiƙayi ko ruwa, ku bar gashin kaza da mai, ku tafi asibiti da wuri. Kada ku ba da aron iyafis, kada ku ara. Wanda zai iya hana mutane, robar ma ta ishe shi, kada ya sayar da babur.

Idan kun zo shago kuka yi sallama ban amsa ba, ba wulaƙanci ba ne. Ku zagayo ta dama.