Waldar Maitama a Keken Jibril

Duk wanda ya taɓa hawa keke a Dayi ya san Malam Shitu. Shekara talatin da 'yan kai yana zaune a gindin dalbejiyar bakin titi, da akwatin ƙarfensa, da bokitin ruwan duba faci. A Funtua aka haife shi, a hannun babansa ya koyi aikin, zamanin da manomi in ya sayar da auduga abu na farko da yake saye shi ne keke. Aure ne ya kawo shi Dayi, gari ya karɓe shi, ya zauna. Gajere ne, mai kaurin yatsu, ba ya son yawan magana. Amma in keke ya wuce ta gabansa, daga ƙara kawai zai gaya maka abin da ke damunsa.

Da babura suka cika gari aiki ya ragu, bai tayar da hankalinsa ba. Yana da 'yar gonar masara a bayan gari, yana kuma da Jibril.

Jibril sa'ansa ne, maɗinkin hula, shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami. Shitu ne ya haɗa masa keken hannu mai ƙafa uku daga ɓaraguzan tsofaffin kekuna biyu. Bai sa masa firi ba, wato abin da ke barin ƙafar keke ta ci gaba da juyawa ko an daina tuƙawa. Faifan haƙoran da sarƙa ke kamawa ya ɗaura kai tsaye a cibiyar ƙafar gaba, ya kulle shi da zobe. In Jibril ya juya hannu gaba, keke ya yi gaba. In ya juya baya, ya yi baya. In ya riƙe, ya tsaya cak, wato hannunsa ne birkinsa. Shekara goma sha takwas kullum bayan azahar Jibril zai gangaro gindin dalbejiya da zarensa da allurarsa, yana ɗinki yana zuba, Shitu yana faci yana cewa "Uhm." Duk baƙon da ya tsaya, sai Shitu ya nuna masa keken.

"Ni na haɗa shi. Ba hannun da ya taɓa shi sai nawa."

Sai ga Alhaji Maitama ya dawo gida daga Kaduna bayan shekaru, ya kama shago a tsallaken titi, daidai saitin dalbejiya. Ya kawo janareta da injin walda, ya kafa rumfar kwano, ya ajiye benci biyu. Mutum ne mai fara'a, dariyarsa har tasha ana ji. 'Yan acaɓa suka koma can, mai shayi ya matsa da teburinsa can. Shitu yana kallo, yana cewa a ransa ai babur daban, keke daban.

A ƙarshen damina faifan keken Jibril ya fara zamewa. In ya riƙe hannu don ya tsaya, sai ya ji abu ya saki, keken ya ƙara gaba kamar taku biyu kafin ya kama. Shitu ya ɗora kurfi, ɗan ƙarfen nan mai tsini, a bakin zoben, ya buga da guduma, ya ce an gama. Bayan kwana huɗu ya sake zamewa. Ya sake bugawa. Ya lura zaren cibiyar, wato tsagin da ake murɗa faifan a kai, ya fara cinyewa, amma bai so ya faɗa ba, don faɗar kamar ya ce aikinsa ya tsufa ne. Na ukun a gangaren masallacin Juma'a ya faru, sai da wani mai rake ya tare keken da ƙirji.

Washegari da hantsi Shitu ya ɗaga kai daga tayar da yake liƙewa, ya hango keken da ya haɗa da hannunsa a kife a ƙofar shagon Maitama. Jibril yana kan benci da kofin shayi. Maitama ya durƙusa, ya sa baƙin gilashi, wuta tana tartsatsi a kan cibiyar. Yana gamawa ya faɗi wata magana, Jibril ya tuntsire da dariya har yana dafa kafaɗarsa.

Waldar ta yi wa Shitu ciwo, amma dariyar ta fi. Shekara goma sha takwas bai taɓa sa Jibril dariya irin wannan ba.

Bayan azahar Jibril ya tsallako kamar kullum.

"Malam Shitu, ka ga Alhaji ya ɗan taɓa mini shi. Na ga kana fama da shi ne, na ce bari in hutar da kai."

"Ka kyauta."

"Wai ya ce yanzu har abada ba zai zame ba."

"To, Allah ya sa."

Jibril ya yi ta jan hira, ta ƙi jawuwa, ya naɗe zarensa kafin la'asar. Daga ranar ya fara raba yininsa biyu, daga baya ma rabin tsallaken titi ya fi tsawo.

A gida Shitu ya zama wani iri. Tuwo ya yi tauri, miya ta yi gishiri, kaji sun cika kuka. Matarsa Hansai ta bar shi kwana uku, sannan ta ajiye masa kwano ta tsaya.

"Malam, ni fa ban yi wa keken kowa walda ba."

"Wa ya yi miki maganar walda?"

"Gari duk ya sani. Ka daina amsa sallamar Alhaji Maitama, mutumin da bai tare maka komai ba."

"Bai san keke ba. Ƙona ƙarfe kawai ya iya."

"To ka je ka gaya wa abokinka mana."

Bai je ba, ga shi kuwa akwai abin faɗa. Tun rana ta biyu da waldar, da Jibril ya wuce, kunnen Shitu ya kama wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, sau ɗaya a kowane juyi. Faifan ya zauna a karkace, sarƙa tana hawa bakin haƙori tana faɗawa. Ya san wata rana za ta yi tsalle ta fita, kuma in ta fita Jibril ba shi da birki. Kullum sai ya ce gobe zai faɗa. In goben ta zo, ya hango su biyu a benci suna raba ƙosai, sai ya haɗiye. A ransa yana cewa ai ga mai injin nan, shi ya ji ƙarar mana. Har ya kai in ya ji ƙas ɗin nan sai wani sanyin daɗi ya ratsa shi, ya yi sauri ya ce astagfirullah, ya ci gaba da aikinsa. Sati uku yana haka.

Ranar kasuwa ce, ana ta shigo da sabuwar masara. Jibril ya biyo gangaren tasha da ƙullin huluna a cinya. Sarƙar ta fita. Ya riƙe hannu, hannu yana juyawa a banza. Keken ya kwasa da gudu, ya goge buhunan wani mutumin Kafur, ya faɗa kwalbati ya kife.

Shitu ya riga kowa isa, ko takalmi bai sa ba. Jibril yana kwance a cikin laka, goshi ya fashe, hannun dama ya gurɗe. Maitama ya iso yana salati, su biyu suka cicciɓe shi zuwa kemis. Maitama sai faɗi yake, "Laifina ne, wallahi laifina ne." Abin da Shitu bai taɓa gaya wa kowa ba sai Hansai, shi ne a wannan lokacin ma, da jinin abokinsa a rigarsa, sai da ya ji daɗin wannan maganar.

Da safe Shitu ya hau mota zuwa Malumfashi, ya zagaya masu tsofaffin kayan keke har ya samo cibiya mai zare biyu da lafiyayyen faifai. Ya dawo ya kwance wayoyin ƙafar talatin da shida, ya jefar da ƙonanniyar cibiyar, ya saƙa sabuwar cibiyar waya bayan waya, yana juya ƙafar yana kallon gefenta har ta daina rawa. Ya wanke zaren da kananzir, ya shafa giris. Ya murɗa faifan da hannu, sannan ya naɗe sarƙa a jikinsa, ya maƙale ta a ƙarfen keken, ya kama taya da hannu biyu ya juya da duk ƙarfinsa har faifan ya zauna daram. Zoben kuwa hagu ake murɗa shi, don in faifai ya nemi kwancewa ya ƙara matse shi. Ya ɗora kurfi ya buga har guduma ta fara dawowa. Ya hau da kansa, ya gangara tasha sau uku yana riƙewa da ƙarfi, mutane suna dariya. Bai zame ba.

Ya tura keken har zauren Jibril. Ya same shi a tabarma, hannu a ɗaure. Suka gaisa.

"Malam Jibril, na ji ƙarar nan."

"Wace ƙara?"

"Ta sarƙar. Tun sati uku. Na san za ta fita."

Jibril ya daɗe yana kallonsa.

"Ka sani, ka bar ni ina hawa?"

"Na sani."

"Saboda na sha shayi a shagon Alhaji?"

Shitu ya sunkuyar da kai. Jibril ya juya fuska bango, ya ce ya gode da gyara, a ja masa ƙofa.

Wata guda bai zo dalbejiya ba, bai kuma je shagon Maitama ba. Da hannun ya warke, ran nan bayan azahar sai ga shi ya gangaro, ya tsaya a inda ya saba, ya zaro allura. Bai ce ya yafe ba, Shitu bai tambaya ba. Hira ta dawo sannu a hankali, sai dai Jibril ya sa wa wani maƙeri ya ƙera masa birkin hannu na sanda, kuma bai nemi shawarar kowa ba. Shitu ya ga sandar, ya gane.

Maitama bai taɓa jin abin da aka faɗa a zauren ba. Har yau yana ganin Malam Shitu ne ya gyara ɓarnarsa, duk keken da aka kai masa sai ya ce a tsallaka da shi. Kwanan baya da kansa ya ɗauko wata ƙafa da wayoyinta suka zube, ya tsallako, ya tsuguna.

"Malam, don Allah saƙa mini wannan, in gani ko zan koya."

Shitu ya karɓa, ya ce bismillah. Ya saƙa waya biyu Maitama yana kallo. Sai Shitu ya ce rana tana dukan idonsa, ya gyara zama, ya juya masa baya, ya ƙarasa sauran a cinyarsa.