Kaset Marar Suna a Ɗakin Gwaggo

Ƙarar bidiyo tana mayar da kaset baya ita ta fi zama mini a kunne, sai ƙamshin shayi mai na'ana'a da ya cika ɗakin Gwaggo a unguwar Mahjar. Kowace Alhamis bayan la'asar matan layinmu kan taru a nan su kalli fim, ni kuma in bi rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasan allo in mayar musu da Hausa. Gwaggo yayar babana ce. Ta zo Jidda daga Cadi tun kafin a haife ni, ta riƙe ni don in yi makaranta. Saboda karatun nan take ɗauke mini wanke-wanken yamma, kuma a lokacin ne kaɗai manya ke yin shiru don in yi magana. Ba ni da abin da na fi so a gidan kamar wannan.

Ran nan wata maƙwabciya ta kawo kaset marar takarda, cikin tarkacen da uwar ɗakinta ta unguwar Sharafiyya ta ba ta ta zubar. Mun zaci na Indiya ne. Sai ga wani gari mai sanyi, jama'a cike da titi, ana sauke hoton mai mulki ana ƙonawa. Samari da bindigogi suka shiga shagon wani mai gyaran agogo, suka fita da shi, tabaransa na nan a kan tebur.

Ba a jima ba na ga abin da suka kira shi: Bayahude. Na haɗiye kalmar. Na ce wa matan, "Sun ce shi mutumin tsohuwar gwamnati ne." Na san in na faɗi gaskiya za a kashe bidiyon, ga shi mutumin yana da 'ya sa'ata, mai tsayawa a taga kamar yadda nake tsayawa. Ina so in ga ko ubanta zai dawo.

Matarsa ta yi ta yawo ofis-ofis da ƙunshin abinci, ana kora ta. Aka kwashe musu kafet da gado. Maƙwabta suka daina amsa gaisuwarta.

"Allah sarki, kamar mu a layin sabunta takardar iƙama," in ji mai kaset, tana share ido da gefen mayafi.

Da matar mai agogon ta zauna tana ɗinke zobbanta cikin kalmasar rigar 'yarta, kowa a ɗakin na jan hanci. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi kuka ba. Shayinta ya huce a hannunta.

A nan surukarta ta shigo, haifaffiyar Jidda, wadda Larabci ya fi mata Hausa sauƙi. Ta tsaya da abaya a kafaɗa ta karanta layi biyu.

"Esh hada? Yahudawa kuke yi wa kuka?"

Duk suka juyo kaina.

"Ke, gaskiya ne?" in ji Gwaggo.

Na ce gaskiya ne.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun farko, Gwaggo."

Mai kaset ta jawo mayafinta kamar hawayen sun ɓata shi. "Kullum muna ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa a labarai, ke kuma ki zaunar da mu kamar tumaki? Ai ga amfanin bokon."

"Mai shiru-shirun nan," wata ta ce, "da littafin waƙa a ƙarƙashin matashi. Ni dama ban yarda da ita ba."

Na ce, "Wannan mutumin agogo kawai yake gyarawa. Bai taɓa kowa ba."

"Ji ta, har lauya ta zama," in ji surukar, ta yi dariya.

Gwaggo ta miƙe ta zare kaset ɗin da kanta. Na ɗauka fushi ne. Ba ta dube ni ba ta ce, "Halas. Daga yau ba ki ƙara karanta wa kowa komai a ɗakin nan. Yalla, kwanuka na jiranki."

Haka aka yi. Surukar ta karɓi aikin, da Hausarta mai tuntuɓe, ni kuma kowace Alhamis ina bakin famfo ina jin dariyarsu ta bango. Matan layin sun yi wata biyu suna amsa gaisuwata da hanci. Na riƙa shirya wa fim ɗin ƙarshe ina cuɗa tukunya: wani lokaci uban ya dawo, wani lokaci a miƙo wa matar agogonsa kawai. Na tsani Gwaggo shekara guda cur, ban faɗa wa kowa ba.

Sai bayan rasuwarta, ina da 'ya'ya biyu, babana ya gaya mini cewa mijinta ba ciwo ne ya kashe shi ba, kamar yadda aka saba faɗa mana. Lokacin da mulki ya sauya a ƙasarsu, sojoji suka ɗauke shi daga shagon ɗinkinsa da tsakar rana, ba a sake ganinsa ba. Ta yi wata bakwai tana kai abinci ƙofar bariki, sannan ta baro ƙasar da 'yan kunnenta ɗinke cikin bakin zane.