Furen da Yaya Sabi'u bai gani ba

Daminar nan da muke ciki ita ce ta bakwai da rasuwar yayana, Malam Sabi'u malamin gona, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara nakan tara dangi a yi masa addu'a, a raba ƙosai, kowa ya faɗi alherinsa, a watse. Bana na ga ƙosai ba zai sauke mini nauyin da nake ɗauke da shi ba. Akwai maganar da na daɗe ina dannewa, gara in faɗe ta tun ina da bakin faɗa.

Duk wanda ya yi noma a ƙauyukan ƙasar Ungogo shekarun baya ya san shi: dogon mutum a kan tsohon babur, yana bin gonaki yana yi wa manoma faɗa a kan taki. Shi ya koya mana a tona ɗan rami nesa da gindin masara, a zuba, a rufe, ba a watsa kamar ana ba kaji tsaba ba. Ni da ya girme ni da shekara tara, a hannunsa na koyi riƙon fartanya. Karatunsa ɗaya ne, har muka haddace: in ka ga shuka ta rame ta yi ja, yunwa take ji, ka ba ta abinci.

Bayan ya yi ritaya ne ya ɗauko abin da ya haɗa shi da bakin mutane. A fadamar mahaifinmu akwai wani lungu mai jiƙaƙƙen yashi da ko shinkafa ba ta yarda da shi. A nan ya tsinci wata 'yar ciyawa da ba ta fi tsawon yatsa ba, ganyenta siriri da jan gashi, kowane gashi da ɗigon raɓa da ba ya bushewa ko da tsakar rana. Ya tsuguna ya ga wani ɗan ƙwaro ya manne, ganyen yana naɗe shi a hankali. Tun muna yara muke taka ta ba mu sani ba. Ya sa mata suna Mai Raɓa, daga ranar kuma hankalinsa ya koma kan tsirrai masu cin ƙwari.

Ya shiga wani zaure a waya na masu irin wannan sha'awa, ya fara yo odar wasu daga ƙasashen waje. Ƙunshin farko ya daɗe a hanya, da aka buɗe sai wari. Bai daddara ba. Na biyu wani ɗan kasuwa ya riƙo masa da takardunsa, suka iso da rai: akwai mai rataye da 'yan tuluna, ƙwaro ya leƙa ya zame ciki, akwai mai baki kamar tarkon ɓera. Ya kafa musu rumfar zana a bayan ɗaki, yana jiƙa buhuna yana ratayawa saboda zafin bazara. Yashin da zai dasa su sai ya wanke shi kamar shinkafa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya taɓa su, sai na sama, wanda yake tarawa a durom daga indararo, shi ma ban da ruwan farko.

Mutanen gari suka samu abin yi. A majalisa aka ce Malam ya bar noman abin da mutum zai ci, ya koma noman abin da ke ci. Wasu suka ce da iska a lamarin, har mata suka rage shiga wajen matarsa Ladidi. Ba zan ɗora wa kowa ba, domin ni na fi kowa tsokanarsa. Kullum sai na tambaye shi yaushe za su kai cin akuya, mu san daurin da za mu yi wa namu. Ya yi murmushi kawai ya ci gaba da leƙen ganye da madubinsa mai ƙara girman abu.

Yana da littafi mai baƙin bango. Kowane tsiro da shafinsa, da zanensa, da sunansa na ilimi a ƙasa. Baƙin duk sun samu suna. Mai Raɓa ce kaɗai, 'yar gida, shafinta ba suna. Mutanen zauren nasa sun rabu biyu a kanta: wasu suka ce sananniya ce, wasu suka ce kila wata ce dabam, kuma ba mai raba gardamar sai hoton furenta da na irinta. Ga ta kuwa 'yar damina ce, ƙasa na bushewa take mutuwa, sai wata shekara ta tsiro daga irin da ta zubar. Shekarar farko bai san fure ake nema ba har lokaci ya wuce. Ta biyu ruwa ya shafe lungun.

A ta uku birni ya iso mu. Masu yanka filaye suka taya fadamar, magada muka zauna, kowa ya yarda sai shi. Bai ma ce kada a sayar ba. Cewa ya yi a bar masa lungun nan, ko a jira damina ɗaya. Sai ni na buɗe baki na ce, "Yaya, ciyawa ce fa." Aka yi dariya, magana ta ƙare. Ruwa na sauka tifofi suka fara juye marmara. Ya je da kasko ya ƙwaƙulo 'yan tsiro biyar da yashinsu, da hannunsa, mai tifa yana danna masa oda ya kauce.

Cikin watan Agusta ciwo ya kayar da shi, aka kai shi asibiti a birni, Ladidi ta bi shi jinya. Kafin a sa shi a mota ya miƙo mini makullin rumfa. Ya ce ruwan durom kawai, kuma kada in ba su komai. Har sau biyu ya maimaita, na ce na ji.

Kwana goma ina shayarwa. Tsiron nan biyar sun fara ƙulla 'yan kawunan fure, amma kullum na dube su sai raina ya ɓaci: sirara, jajaye, a cikin farin yashin da ko ƙaiƙayi babu. Idona na manomi bai ga komai ba sai yunwa. Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba kuma ita ce, maganar fadama tana cina. So nake ya dawo ya tarar da su kore shar, sun yi ƙiba, ya gane ban haƙuri nake ba shi ba tare da na furta ba. Na ɗebo takin zamani ɗan tsunkule, na tona nesa da gindi, na zuba, na rufe, daidai yadda ya koya mini. Ban san cewa waɗannan tsirrai a ƙasa marar abinci aka halicce su ba, shi ya sa ma suke kama ƙwari, taki kuwa ƙona musu saiwa yake yi. Ya sha faɗa a gabana, ni kuwa lokacin ina shirya tsokanar da zan yi masa. Kwana uku raɓar ta bushe. Kwana biyar suka yi baƙi suka kwanta. Garin neman gira na rasa ido.

Na hau adaidaita na je dubiya da hantsi. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya tambaye ni ko Mai Raɓa ta yi fure. Na ce ta kusa. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake mini tun ina yaro in na bar tumaki sun shiga gyaɗar mutane.

Ya ce, "Ka ba ta taki ko, Nafi'u?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba laifinka ba ne. Ni na koya maka."

Ya juya fuska wajen bango, bai sake tayar da zancen ba. Bayan kwana shida ya cika. Da zagina ya yi da tuni na warke. Wannan yafiyar ce ta hana ni sakat har yau.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yanzu. Fadamar ta zama unguwa, bulo a kan bulo, kuma duk damina ruwa sai ya shiga ɗakunan mutane, domin shi bai san an sayar ba. Waɗanda suka ce da iska a lamarinsa su ne yau suke miƙo mini waya a majalisa, in ga bidiyon tsiro yana kama ƙuda a ƙasar Turawa, suna ta jinjina ikon Allah. Shekara uku ikon Allahn nan yana bayan ɗakin maƙwabcinsu, ba wanda ya leƙa sai don ya samu abin dariya. Wannan yana ƙona mini rai, amma ba ni da bakin yi musu gori, tare muka yi.

Tsirran ƙasashen wajen ma ba su kai bazara ba. Ruwan durom ya ƙare, na rasa yadda zan yi, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Rumfar ta zama turken awaki. Durom ɗin yana nan, Ladidi tana tara ruwan wanki.

To me ya rage na Yaya Sabi'u? In ka tambayi mutanen gari, taki za su ce. Har gobe a 'yan gonakin da suka saura ana tona rami a zuba a rufe, ana yi masa addu'a, kuma ina fatan ladan yana isa gare shi. Abin da ya koyar ya zauna. Abin da ya so kuwa, mu muka binne shi da marmara, ragowar na ƙarasa da hannuna.

Duk damina nakan bi bayan katangun sabuwar unguwa, duk inda na ga jiƙaƙƙen yashi in tsuguna in duba. Yanzu ni ake nunawa da baki. Shekara bakwai ban ga ko ɗigon raɓa ɗaya ba. Littafin mai baƙin bango yana wurina. A shafin Mai Raɓa ya zana ganye, ya zana gashi, ya zana kara, a samansa ya bar fili daidai girman fure. A ƙasa ya rubuta "Suna", ya sa ɗigo biyu. Allah Ya gafarta maka, Yaya. Filin yana nan yadda ka bar shi.