Yadda Kwaɗayi Ya Raba Ni da Tuƙi

A lokacin ni direban kamiyo ne, ina ɗaukar siminti daga Malbaza zuwa Konni da kewaye, mutum mai ji da ƙarfinsa. Sai kunnena na hagu ya fara ƙugi yana toshewa. Wata rana da hantsi jiri ya kayar da ni a tsakar gida, ɗakuna suna juyawa, ina ta amai. Maƙwabta suka ce iska ce, yayana ya ce sammu ne. Lokotoron kunne da na gani a Tawa ya ce ruwan da ke can cikin kunnen ne yake yin yawa, kuma gishiri na ƙara shi. Ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri sosai, in bar magi da goro da shayi mai kauri, kar in kama sitiyari sai ya ba ni izini.

Abin ya ba ni haushi. Ina ruwan kunne da miya? Matata ta koma yi mini tukunya daban, da tafarnuwa da citta, amma a bakina duk lami ne. Kullum sai na ture kwanon, in ce ko a gidan kaso ba a ba mutum wannan. Ita dai takan ce in yi haƙuri, baki zai saba. Da na samu sati uku ba jiri, sai na koma aiki, ban gaya wa maigidana mai motar komai ba. A hanya in ci kilishi in kora da shayi, in dawo gida in ce ba na jin yunwa.

Wata rana da azahar, daidai Tsarnawa, sai na ga kwalta ta kife. Na taka birki ban san inda na dosa ba, kamiyo ya gangara cikin gonar hatsi. Da aka fito da ni na ga amalanken jaki da mata biyu a kai, saura taku uku in bi ta kansu. Maigidana bai yi faɗa ba, makulli kawai ya karɓa. Matata kuwa ta tsinci takardar kilishi a aljihuna, ta tambaye ni ko ran mutane bai kai loma ɗaya ba.

Yanzu gadi nake yi. Ina kiyaye dokar, jirin ya ragu, amma kunnen da ƙyar yake ji, kuma har yau ƙamshin tsire na ɓata mini rai. Na gane ba cutar ce ta raba ni da aikina ba, ƙaryar da na yi ce. Duk mai wannan lalura, musamman ƴan uwana direbobi, in an ce ka bar gishiri ka bar shi, in kana jiri ka faɗa. Ba kai kaɗai ke kan hanya ba.