Nonon Maƙwabciyarmu ta Kabo

Aurena na farko wata huɗu ya yi. Ni na zaɓi mijin da kaina, shekara guda bayan na gama sakandare, don haka babu wanda zan ɗora wa laifi. Tela ne a kasuwar Gwarzo, ba ya duka, ba ya zagi. Matsalar ita ce ba ya magana ma. In na tambaye shi gishiri ya ji a miya, sai bayan la'asar zan samu amsa. Ni kuwa ko ruwan shayi ba na iya jira ya tafasa.

Na ce ya sake ni. Ya yi kwana uku yana tunani, sannan ya ce a'a.

Na yi yaji zuwa gidanmu a Unguwar Tudu, na ce wa Kawu, wanda ya taɓa aikin rubutu a kotu, ya raka ni wurin alƙali a raba mu. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Ke kin ɗauka alƙali almakashi ne? Saki a hannun miji yake. In ya ƙi, ki fanshi kanki, hul'i ke nan, shi ma sai an ja zama. Wanda alƙali ke warwarewa da kansa, fasahu, sai da dalili: ko an ɓoye wata cuta, ko auren tun tushe bai halatta ba. Me ya yi miki?"

"Shiru."

"To shiru ba ya cikin littafi."

Baba ya ce in koma ɗakina ranar Juma'a. Na ce zan fara zuwa Kabo in gaida kakata, don dai in ƙara kwana biyu.

A can na tarar da maƙwabciyarta, wata tsohuwa da ta daɗe a wurin ɗanta a kudu, ba ta ma san an yi bikina ba. Tana ɓarar gyaɗa ta dube ni ta ce, "Wannan ba ita ce mai cizon nan ba? Kwana bakwai kina shan nonona lokacin da uwarki ta zo jego zazzaɓi ya kwantar da ita."

Ban taɓa ji ba. Ni 'yar fari ce, Inna kuwa ko sunana ba ta faɗa saboda kunya, balle ta zauna tana ba da labarin wanda ya shayar da ni. Ko a zancen aurena ba ta sa baki ba, dangin Baba ne suka yi komai.

Tsohuwar ta tambayi ɗan gidan wa na aura. Na faɗa. Ta ajiye gyaɗar.

"Ɗan ƙanwata ne ai. Shi ma na shayar da shi, har wata biyu."

Kakata ta hau salati. Ni kuwa na tashi na fara neman takalmina.

Kawu ya ce in daina murna tukuna, bakin mace ɗaya bai isa ba. Sai da muka nemo tsofaffi biyu da suka shaida cewa a layin kakata kowa ya san ta shayar da ni, ta kuma shayar da shi, tun da daɗewa, ba wanda dai ya haɗa biyun. An tambayi Inna a gaban alƙali, ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Yarinyar dai ta sha." Ranar na fara jin ta yi maganata a bainar jama'a.

Alƙali ya warware auren. Babu takardar saki, babu fansa, sai zaman jira da aka ce in yi kafin wani auren. Na yi ta gaya wa mutane cewa ni ba sakina aka yi ba. Ba wanda ya saurara, bazawara suke kirana har yau.

Da muka fito, telan ya tsaya a gindin darbejiya ya daɗe, sannan ya ce, "To yanzu ni yayanki ne ke nan."

Kuma da gaske yake. Duk Juma'a yana zuwa gidanmu, ya zauna a tsakar gida ya ci tuwo, ba ya cewa komai. Wanda ke nemana yanzu har gaishe shi yake zuwa yi a shago. Na tambayi Kawu ko akwai hanyar warware wannan ɗin. Ya ce in kawo masa ruwa.